Ruwa a Murfin Kwalba

A Suwame, bayan rumfar masu walda,
na ƙera jirgi, fiffikensa kamu huɗu,
da katakon da Asantawa ke kira wawa.
Yaran gareji suka ce sunan ya bi mai shi.

Injinsa bai kai dunƙulen hannu ba,
amma in ya tashi, sai ka ce zirnako a gwangwani.

Da fari na zaunar da shi kan alminiyo,
noti huɗu, na ɗaure tamau.
Ya yi kuka, jiki duka ya amsa:
mai ya yi kumfa a tanki,
gam ya saki a gindin jela,
noti guda ya kwance kansa,
ya gangara kwata ko sallama babu.

Na ce to, laifin tauri ne.
Na yanko silifas ɗin Memuna,
wanda ta ce ya tsufa,
daga baya ta ce ba ta faɗa ba.
Da inji ya ji laushi sai ya kama gyaɗa kai
kamar mai gyangyaɗi a motar Tafo,
farfela ta dubi gabas, ta dubi kudu,
ta rasa inda za ta ja mu.

Baba Tahiru na kan benci yana kallo.
Shekara arba'in yana ɗora injin tifa,
yanzu kofin shayi ke fin ƙarfinsa,
rabi a baki, rabi a riga.
Ya ce, "Inji ba ya barin rawa, yaro.
Ran da ya bari, sai masu sayen ƙarfe.
Ka tambayi wa zai ɗauki rawar,
kuma nawa zai iya ɗauka."

Ya ɗora yatsa a gadon bayan jirgi,
ya rufe ido, ya daɗe.
Sai ya yi dariya:
"Na kasa raba tawa da tasa.
Kawo murfin kwalba, cika shi da ruwa."

Muka aza shi kan fiffike.
Ruwa ba ya kara, ba ya jin kunyar kowa.

"Kafin ka zargi kujera, binciki mai zama."
Muka rataye farfela kan ƙusa,
gefe ɗaya ya rinjaya,
na goge shi da sanfefa har suka yi kunnen doki.

Sannan roba. Ta tayar babur, ta yi gardama.
Ta tiyo, ta jiƙe da mai ta zama tuwo.
Wajen Kwabena mai kayan taksi
muka tono wata baƙa, sidi biyar,
farce na shigarta, amma sai ya roƙa.
Huɗu muka yanka, kaurin kwabo biyu,
na ɗaure, Baba ya ce, "Sassauta kaɗan. Ya isa."

A ƙasa-ƙasa ruwa ya yi zobba.
A sama ya kwanta, sai ɗan tsuma.
Amma akwai wani wuri a tsakiya
inda yake tsalle ya zube.
"Kowa na da wannan wurin," in ji shi.
"In ka zo nan, wuce. Kada ka zauna."

Lahadi, filin ƙwallo a Asawase,
ƙasa na ƙamshin ruwan jiya,
jemagun Kejetiya sun fara fita kiwo.
Jirgi ya ruga, ya yi tuntuɓe, ya ɗaga.
Murya ɗaya, sumul, kamar zare daga mazari.

Na miƙa masa rimot.
Ya ɓoye hannuwa cikin aljihu.
Na ciro su, na ɗora,
na sa tafukana ƙarƙashin nasa,
ba tamau ba, ba sako-sako ba.
Rawarsa ta shigo ni, ta tsaya a gwiwar hannu.
Can sama, fiffike bai sani ba.

Sau biyu muka kewaya hasumiyar masallaci daga nesa
kafin mai ya ƙare.

Memuna har yau tana bina silifas.